Kuɗin Adashi Sun Tafi a Waya, Har Yau Ban Faɗa wa Kowa Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ce uwar adashi a unguwarmu a Zariya. Mu 16 ne, kowa na zuba naira 40,000 a wata, kuma shekara huɗu ke nan ina riƙe da shi ba a taɓa jin kanmu ba. Tun lokacin wahalar canjin kuɗi muka koma zubi ta tiransifa, komai na shiga asusuna.

Ranar Juma'ar makon jiya bayan la'asar wani mutum ya kira ni, ya ce daga bankina yake. Hausa yake yi lafiyayya, da sallama da ladabi. Ya faɗi sunana har da na mahaifina, ya faɗi ranar haihuwata. Ya ce BVN ɗina da NIN ɗina ba su dace da juna ba, in ba a gyara kafin ƙarfe biyar ba za a rufe asusun sai bayan wata uku. Cikina ya ɗuri ruwa, domin kwasar wannan watan ta wata baiwar Allah ce da za ta aurar da 'yarta. Ya ce in karanto masa lambobin jikin katina ya tabbatar ni ce, na karanta. Ya ce wasu lambobi za su shigo wayata in faɗa masa, na faɗa, har sau uku. Ina ajiye wayar alat ya fara shigowa. Naira 640,000 na adashi, da 55,000 nawa na sana'a, duk an kwashe. Na kira lambar, a kashe.

Yau kwana tara. Maigidana bai sani ba, matan ba su sani ba, bankin ma ban je ba don kunya. Saura mako uku biki. Na rubuta abin a wani zauren Facebook ba da sunana ba, wani ya biyo ni ta akwatin saƙo ya ce yana da ɗan'uwa a EFCC, in na ba da 50,000 za a dawo da kuɗin cikin kwana biyu. Ina tunanin sayar da 'yan kunnena in ba shi. Ko in ci bashi a waɗannan manhajojin na waya in rufa wa kaina asiri? Ba na barci, Anti.

'Yar'uwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alheri, ya sanyaya miki zuciya.

Ki mayar da 'yan kunnenki cikin akwati tukuna. Mutumin nan na Facebook ɓarawo ne na biyu, in ma ba na farkon ba ne ya sake riga. Hukumar EFCC ba ta karɓar ko kwabo kafin ta karɓi koke, kuma babu jami'in da ke bin zaurukan Facebook yana neman waɗanda zai taimaka. Wannan wata sana'a ce mai zaman kanta a cikin damfara: su bi wanda aka riga aka yi wa ta'asa, domin sun san zuciyarsa ta yi laushi kuma yana jin kunyar tambayar na kusa da shi. In kin ba da 50,000, gobe zai ce oga ya ce sai an ƙara kuɗin takardar kotu, jibi kuɗin man mota zuwa Abuja. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Ki ɗauki hoton duk saƙonnin da ya turo miki, ki adana, sannan ki toshe shi. Haka ma duk wanda zai ce miki akwai malamin da zai yi aiki kuɗin su dawo asusu da kansu in an sayi rago da turare.

Manhajojin bashi kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wasunsu kafin su ba ki sisi sai sun nemi izinin shiga duk lambobin da ke wayarki. Ranar da kika makara da biya, saƙo zai je wa surukarki, da malamin Islamiyyar yaranki, da su kansu matan adashin, ana kiranki ɓarauniya, wani lokacin har da hotonki. Asirin da kike son rufewa su ne za su fi kowa tona shi, ga kuɗin ruwa mai ninkawa, ga abin da addini ya ce game da shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki: kwana taran nan. Ba zan yi miki daɗin baki ba, kowace rana da ta wuce tana rage damar ganin kuɗin. Masu wannan aiki ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya. Daga asusunki sai su shiga na wani da aka ara ko aka buɗe da takardun wani, a rarraba su gida uku ko huɗu, a cire a wurin masu POS kafin gari ya waye. Ba banza ya zaɓi yammacin Juma'a ba. Ya san ƙofar banki na gab da rufewa sai Litinin, ya san kwana biyu za ki yi kina juyi a gado. Sai ke kuma kika ƙara masa mako guda kyauta. Ban faɗi haka don in ƙara miki ciwo ba, na faɗa ne don gobe da safe ki sa hijabinki ki tafi reshen bankin da ƙafarki.

In kin je, kada ki tsaya a bakin kanta kina ba da labari da baki kawai. Ki ce kin zo shigar da koken damfara a rubuce, a ba ki lambar koken, ki rubuta ta a takarda. A toshe katin nan a ba ki sabo, a canza PIN, a duba ko an ɗora manhajar bankin a kan wata waya da ba taki ba, a cire ta. Ki nemi a buga miki takardar shige da ficen asusun ta ranar, wadda ke nuna inda kowane kuɗi ya tafi, da lokaci, da lambar shaidar kowace tiransifa. Bankinki na iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka sauka a dakatar da wancan asusun, kuma akan yi dace a tarar da ragowa. Dawo da su sau da yawa sai da takardar 'yan sanda da umarnin kotu, don haka daga banki ki wuce ofishin 'yan sanda ki kai rahoto. EFCC na da ofishi a Kaduna, ga ki kusa, ana kai koke a rubuce kyauta. In mako biyu suka wuce bankin bai ce miki uffan ba, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, da lambar koken nan za ki kai ƙara can. Ki shirya zuciyarki cewa mai yiwuwa ba za a samu komai ba. Amma ko ba a samu ba, takardar nan ta banki za ta yi miki wani aiki da zan zo kansa.

Kin ce kunya ta hana ki zuwa. Bari in nuna miki yadda aka ɗinka miki rigar, wataƙila ki daina kallon kanki a matsayin wawiya.

Abin da ya sa kika yarda da shi, ya san sunanki da ranar haihuwarki. To, sunan mutum yau ba sirri ba ne. Ki ɗauki wayarki ki sa lambar asusun kowa kamar za ki tura masa kuɗi, cikakken sunansa zai fito kafin ki tura ko naira ɗaya. Wasu bankunan waya ma lambar asusun ita ce lambar wayar mutum in an cire sifilin farko, lamba 11 ta koma 10. Ma'ana duk wanda ke da lambar wayarki yana iya ganin sunanki na banki cikin daƙiƙa kaɗan. Ranar haihuwa kuwa Facebook na shelanta ta kowace shekara. Ga takardun NIN da muke bari a shagon kwafi, ga fom ɗin da muke cikewa ba mu tambayi inda zai je ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ki tuna linki nawa aka turo zauren WhatsApp na unguwarku ana cewa a cike a samu tallafin gwamnati, a tura wa mutum goma. Da yawansu tarkon tattara suna ne da lambar waya da BVN. Ni zan yi mamaki in a cikin ku 16 babu wadda ta cike ko ɗaya. Shafukan gwamnatin Najeriya na gaskiya adireshinsu na ƙarewa da gov.ng, kuma ba sa cewa sai kin tura wa mutum goma kafin a ba ki.

Sannan ya zaɓi ƙaryar da ta yi kama da gaskiya. Tun 2014 da Babban Banki ya kawo BVN, da kuma ƙarshen 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, mun saba da jin "za a rufe". An rufe layukan mutane da gaske, an tsaya dogayen layuka a rana da gaske. Don haka da ya ce za a rufe asusunki, bai faɗi abin da kunnenki bai taɓa ji ba. Ya haɗa miki da ƙarfe biyar don kada ki samu sararin tambayar kowa. Mutane na cewa kwaɗayi ne mabuɗin wahala, kuma gaskiya ne ga waɗanda harkar zuba jarin bogi ta MMM ta cinye a ƙarshen 2016 da waɗanda takwararta CBEX ta tafi da nasu a watan Afrilun 2025. Ke ba da kwaɗayi aka kama ki ba. Da tsoron kada amanar mutane ta maƙale aka kama ki.

Lambobin nan da suka shigo wayarki sau uku, su ne makullin. Lambobin jikin kati, da ranar ƙarewarsa, da guda ukun nan na bayansa, sun isa a fara sayayya ko cire kuɗi ta intanet. Amma bankin kan tsaya ya tambayi mai asusun ko da saninsa, ta hanyar turo lambar OTP zuwa layinsa. Wato a daidai lokacin da yake ce miki "Hajiya yi haƙuri, na'urar ce ke jan ƙafa", yatsunsa na kan wata wayar yana jiran ki buɗe masa. Kowace lamba da kika karanto, cirewa ɗaya ce. A ƙasan saƙon akan rubuta kada a ba kowa, amma da Turanci, da ƙananan haruffa, ga mutum a kunnenki yana gaggauta ki. Ina ganin bankunan da ke da miliyoyin masu ajiya a Arewa ya kamata a ce tuni suna rubuta wannan gargaɗin da Hausa, amma wannan faɗan wata rana ne.

Ni da ke ba ki shawarar nan an taɓa yi mini. Wata muryar mace ta kira ni ta ce ita ce sakatariyar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, za a yi taro ta waya da daddare, an turo mini lambar shiga, in karanto mata ta sa sunana. Ina tsakiyar kwashe tuwo, wayar a maƙale tsakanin kafaɗa da kunne, na karanto mata lambobi shida. Lambar WhatsApp ɗina ce. Kafin isha'i an bi dangina ɗaya bayan ɗaya da sunana ana cewa ina asibiti, gwaggona ta tura kuɗin da ta tara na awaki. Abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne na ari wayar maƙwabciya na dinga kiran mutane ina cewa an sace mini WhatsApp, kowa ya faɗa wa kowa. Na ji kunya ƙwarai, ni da ake kawo wa takarda in karanta. Amma da na yi shiru na kwana tara, da ban san iyakar waɗanda za a yasa da sunana ba.

Shirun nan naki ba ya kare ki, ƙanwata, shi yake karewa. Kuma yana shirya miki wata masifar da ta fi ta kuɗin. Ki duba yadda abin zai kasance in kin bari sai ana saura kwana uku biki, uwar amarya ta aiko a karɓo kwasarta, sannan kika ce ai an sace tun kusan makonni huɗu da suka wuce. Tambayar farko da kowa zai yi ita ce, me ya sa ba ki faɗa ba? Daga nan ba za a ƙara maganar ɓarawo ba, maganarki za a yi. Za a tuna sabon leshin da kika sa a sunan wance, za a tuna an ga ana yi miki fenti. Shekara huɗun da kika yi ba a ji kanku ba za su tafi a yini ɗaya. Yau in kin faɗa, ke ce wadda aka zalunta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki fara da maigidanki, yau da daddare, bayan ya ci abinci yara sun kwanta. Kada ki yi dogon share fage, kada kuma ki rage adadin don ki sassauta, domin in ya ji sauran daga baya zai fi jin zafin ɓoyewar. Wataƙila ya yi faɗa, ya ce ai ya sha gaya miki. Ki bar shi ya yi, ki ba shi haƙuri kan kwana taran, sannan ki roƙe shi ya raka ki banki da wurin 'yan sanda. Kin fi ni sanin halinsa. In mai zafin hannu ne, ki sa yayanki ko wata babba da yake jin nauyinta a zauna tare.

Daga shi sai uwar amarya, ita kaɗai, a ɗakinta, kafin sauran su ji. Ita ce ke da haƙƙin ji da farko domin ita ce ta yi lissafin gado da katifa da kayan kicin a kan kuɗin nan. Mako uku na ba ta damar sake shiri, kwana uku ba sa ba ta. Ki tafi da takardar banki da ta 'yan sanda a hannu. Wannan shi ne aikin da na ce takardar za ta yi miki: tana nuna rana, da minti, da sunan asusun da kuɗin suka tafi, wanda ba naki ba ne ba na danginki ba. Bayan nan ki tara matan gaba ɗaya, kada ki bari labarin ya bi ta bakin 'yan aike. Ki ajiye takardun a tsakiyar tabarma kowa ya gani.

Za a zo kan wa zai biya. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya ba a ɗora masa biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ko karanta wa baƙo lambobin kati sakaci ne, wannan hukunci ne da ya kamata ku kai gaban malamin da dukkanku kuka yarda da shi, ba ni zan yanke ba. Amma in ra'ayina kike so, kada ki shiga taron da wannan hujjar a bakinki. Ki shiga da cewa kin yi kuskure, ga abin da za ki iya kawowa yanzu, ga abin da za ki riƙa biya duk wata. A nan ne 'yan kunnen za su yi amfani, a hannun uwar amarya, ba a hannun ɗan Facebook ba. In kwasarki ba ta zo ba tukuna, ki sallama mata ita. Sau da yawa in mata suka ga mutum bai ɓoye ba kuma bai noƙe ba, sai ki ji wata ta ce a yi musanyar layi, wata ta ce ta yafe nata kason. Wata kuma za ta faɗi magana mai zafi, ta fice daga adashin. Ki haɗiye, kuɗinta ne.

In sun bar adashin a hannunki, ki canza tsari. Mafi sauƙi, kowa ta tura zubinta kai tsaye ga mai kwasar watan, ta turo miki shaida, ke ki riƙe littafi kawai. In dole sai kuɗin sun taru, a buɗe musu asusu dabam wanda ba shi da kati ba shi da manhaja, kuma kada ya haɗu da kuɗin sana'arki. Ki tambayi bankinki lambar da ake dannawa a toshe asusu nan take ko da daga wayar wani ce, ki rubuta ta a bangon littafin adashin.

Kuma ki sa rai za a sake kiranki. Lambar da ta taɓa ba da kuɗi tana da daraja a wurinsu, suna miƙa wa juna. Wani zai ce daga sashen binciken banki yake, an kama ɓarawon, a karanto lamba a mayar miki da kuɗinki. Wani zai turo saƙo ko imel mai tambarin banki da linki a ciki. Ko manhajar Truecaller mai nuna sunan mai kira ta nuna sunan banki kada ki yarda, mutane ne ke sa sunayen nan. Ba sai kin iya gane murya ko adireshin bogi ba, abu ɗaya za ki riƙe: duk wanda shi ya kira ki, ba ya samun lamba daga bakinki, ko PIN, ko OTP, ko na jikin kati. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatarsu. Ki ce "to, zan zo ofis", ki kashe. Ba rashin kunya ba ne kashe wa baƙo waya, ko da ya yi sallama ya kira ki Hajiya. Ki faɗa wa matan wannan a taron, domin mai yiwuwa lambobinsu na cikin jerin da taki ta fito.

Ki je da wuri kafin layi ya yi tsawo, ki riƙe katin shaidarki da wayar da saƙonnin ke ciki, kada ki goge ko ɗaya. In kin dawo daga gidan uwar amarya ki rubuto mini yadda kuka yi.